Editoci, Ku Ji Tsoron Allah Da Wasiƙun Mutane

Da ku nake, editocin jaridunmu, da mataimakanku masu riƙe da shafin wasiƙu, har da ku da ke zaɓen saƙon da za a karanta a gidajen rediyo. Akwai wata ɗabi'a da kuka daɗe kuna yi har ta zame muku jiki, kun daina ganin muninta. Bawan Allah zai zauna ya rubuto muku wasiƙa a kan an tauye masa haƙƙi: an tsare ɗansa ba shari'a, ko an hana su taro, ko an kore shi daga masauki saboda launin fatarsa. Sai ku sa almakashi ku cire duk inda maganar take da nauyi, ku buga ragowar, ku liƙa sunansa a ƙasa kamar iyakar abin da ya faɗa ke nan. In ya yi ƙorafi ku ce wuri ne ya yi kaɗan. Wannan cin amana ne, kuma ƙarya ce kuke yi da bakin wani.

Kada wani ya yi saurin cewa ban san aikin jarida ba. Taƙaitawa halal ce. Shafi yana da iyaka, mutanenmu kuma akwai son doguwar shimfiɗa: gaisuwa sakin layi biyu, yabon jarida sakin layi ɗaya, sannan a shiga magana, a maimaita ta sau uku. Editan da ya rage wannan ya taimaki marubuci, ya hutar da mai karatu. Abin takaicin shi ne, ba nan almakashinku yake sauka ba.

A ɗauka wani dattijo ya rubuto cewa ranar kaza ga watan kaza, 'yan sandan caji ofis kaza sun kama ɗansa, yau kwana goma sha ɗaya ba a kai shi kotu ba, an kuma nemi kuɗin beli alhali ga shi rubuce a bango cewa beli kyauta ne. Ya kafa hujja da sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya rufe da neman Kwamishinan 'Yan Sanda ya sa a saki yaron ko a gurfanar da shi. Me dattijon nan zai gani ranar da jarida ta fito? Gaisuwarsa tana nan, yabon jaridar yana nan ba a taɓa ko wasali ba. Sunan caji ofis ya ɓace, ranar kamun ta ɓace, kwana goma sha ɗaya ya koma "wani ɗan lokaci", sashe na 35 ya bi ruwa. Buƙatarsa kuma ta zama "muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su duba lamarin". Wace hukuma? Wane lamari? DPO zai karanta, ya ninke jaridar, ya ci gaba da shan shayinsa, don ba da shi ake ba. Yaron kuma ya kwana na goma sha biyu a bayan kanta.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin saro kaya sun fi kowa saurin gane sunan wannan aiki. Pazhou tsibiri ne a Kogin Lu'ulu'u, a gundumar Haizhu ta birnin Guangzhou, kuma a nan ake yin baje kolin Canton, wanda aka fara tun 1957, ake kuma yinsa sau biyu a shekara, daga Afrilu zuwa Mayu, da daga Oktoba zuwa Nuwamba. Tun 2008 aka tattara shi gaba ɗaya a Pazhou. Mutanen Kantin Kwari da Sabon Gari, da na Maraɗi da Damagaram, suna sauka a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, su wayi gari su nufi rumfunan. Tambayi kowane ɗaya daga cikinsu: in Alhaji ya biya kuɗin katan ɗari, ejan ya buɗe kwantena ya zare katan arba'in mafiya tsada, ya bar takardar kaya da sunan Alhaji a kai, me ake kiran wannan? Ba wanda zai ce an taƙaita masa kaya. Sata ce, ko da kuwa kwantenar ta yi nauyi da gaske. In nauyi ne, a kira mai kaya ya zaɓi abin da za a sauke.

Na kawo Pazhou ne domin a tsallaken kogin nan, tafiyar 'yan kilomita kaɗan daga rumfunan baje kolin, aka yi wata rigima a kan wannan almakashi, wadda ya kamata kowane edita a Kano da Kaduna da Abuja ya san ta. A lamba 289 a kan babban titin Guangzhou akwai ofishin jaridar mako-mako mai suna Southern Weekly, Nanfang Zhoumo a bakin Sinawa, wadda aka kafa a 1984, ta kuma yi suna wajen tono abin da hukuma ke so a binne. Al'adarta ce kowace sabuwar shekara ta buga saƙo zuwa ga masu karatu. Na shekarar 2013, marubucinta Dai Zhiyong ya tsara shi a kan cewa burin Sin shi ne a yi mulki bisa kundin tsarin mulki, a taka wa masu iko burki, a kare 'yancin ɗan ƙasa. Bai kira tawaye ba. Wata guda kafin nan, ranar 4 ga Disambar 2012, Xi Jinping da kansa ya yi jawabi a kan muhimmancin aiki da kundin tsarin mulkin ƙasar na 1982, wanda sashensa na 35 ya ba 'yan ƙasa 'yancin magana da na jarida da na taro.

Da jaridar ta fito ranar 3 ga Janairun 2013, saƙon ya zama wani abu dabam. An datse shi, an sauya masa take, maganar tsarin mulki ta kau, abin da ya rage ya koma yabon cewa ƙasa ba ta taɓa kusantar burinta kamar yanzu ba. Ma'aikatan jaridar suka nuna yatsa ga Tuo Zhen, shugaban sashen farfaganda na jam'iyya mai mulki a lardin Guangdong. Garin gaggawa har kuskure aka cusa a shafin farko: aka ce shekara 2,000 ke nan da Sarki Yu ya shawo kan ambaliyar ruwa, alhali kowane ɗan makaranta a Sin ya san wajen shekara 4,000 ake faɗa. Mai yanka maganar wani a ɓoye ba ya tsayawa ya duba aikinsa, don hankalinsa yana kan wanda yake tsoro.

Ga inda ya shafe ku. Tun kafin rubutun ya kai hannun jami'an farfaganda, a cikin gidan jaridar aka fara sassabe shi. Babban edita, Huang Can, bai yarda da shi yadda aka rubuta ba, aka yi ta gyara ana ragewa, ana sassauta lafazi, don a samu ya wuce. Duk sassaucin bai ƙosar da na sama ba. Haka abin yake ko'ina: editan da ya fara yanka da hannunsa don ya faranta wa mai iko, ya nuna masa ne cewa akwai sauran wurin yanka.

Amma ma'aikatan ba su haɗiye ba. Sun fito fili sun ce abin da aka buga ba nasu ba ne, suka kuma bayyana cewa a shekarar 2012 kaɗai rubuce-rubuce 1,034 aka sauya ko aka hana fita. Da shugabannin jaridar suka karɓe shafinta na dandalin sada zumunta na Weibo suka wallafa cewa ai ma'aikatan gidan ne suka rubuta saƙon, sai wasu suka yi barazanar ajiye aiki. Daga 7 ga Janairu, ɗaruruwan mutane suka taru a ƙofar ofishin da furanni da kwalaye. Aka sasanta, jarida ta ci gaba da fita, amma an biya farashi. Guo Feixiong, ɗan fafutukar da ya yi jawabi a wurin, an tsare shi a Agustan 2013, aka yanke masa shekara shida a Nuwamban 2015. Tuo Zhen kuwa girma ya ƙaru, har ya zama babban editan People's Daily, jaridar jam'iyya, a 2018. Ma'aikatan jaridar nan suna da mai tace labarai zaune a kansu, da ikon kora da na ɗauri, duk da haka suka ce ba za a sa sunansu a kan maganar da ba tasu ba. Kai da ke zaune a ƙarƙashin sashe na 39 na kundin tsarin mulkinmu, wanda ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, da sashe na 22, wanda ya ɗora maka aikin bin diddigin gwamnati, wa ya tsaya a kanka? Sau da yawa ko waya ba a bugo maka ba. Kai ne ka hango fushin Kwamishina tun daga nesa, ka yi masa aikinsa kyauta.

In kana son ka ga abin da magana ke yi idan an bar ta da haƙoranta, koma baya shekara goma a wannan gari. A Maris 2003 'yan sandan Guangzhou suka kama wani matashi mai shekara 27, Sun Zhigang, ɗan lardin Hubei, saboda ba ya ɗauke da takardar izinin zama a birnin. Bayan kwana uku ya mutu a tsare. Ranar 25 ga Afrilu, Southern Metropolis Daily, 'yar'uwar waccan jarida, ta buga labarin da sunansa, da ranaku, da wuraren da aka kai shi, da sakamakon binciken gawa da ya nuna duka ne ya kashe shi. A watan Mayu wasu matasan masana shari'a uku, Xu Zhiyong da Teng Biao da Yu Jiang, suka rubuta wasiƙa zuwa majalisar dokokin ƙasar suna cewa dokar 1982 da ta ba da damar irin wannan tsarewa ta saɓa wa tsarin mulki. Kafin Yuni ya ƙare, gwamnati ta soke dokar. Editan jaridar, Cheng Yizhong, ya sha tsarewar wata biyar a 2004, kuma da UNESCO ta ba shi kyautar 'yancin jarida a 2005, an hana shi zuwa Dakar ya karɓa. Yanzu a ce labarin nan a teburinka ya sauka. Da mun karanta cewa "wani matashi ya rasu a wani yanayi", da "ana kira ga hukumomi", da kuma dokar ta ci gaba da cin mutane. Suna da rana da lambar doka su ne suka yi aikin, su ne kuma abin da kake fara cirewa.

Kada ka ce wannan rigimar Sinawa ce, ba ruwanmu. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, a wannan Guangzhou aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga otal da gidajen haya, da yawansu 'yan Najeriya, ana tilasta musu gwaji da killacewa, wasu suka kwana a bakin titi da akwatunansu. Wani shagon McDonald's ya kafa sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Jakadun Afirka a Beijing suka rubuta wasiƙar koke ga ma'aikatar harkokin wajen Sin, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja, Zhou Pingjian, ya nuna masa bidiyon abin da ke faruwa. Hukumomin Sin sun ce ba sa nuna bambanci tsakanin baƙi. Ta ina labarin ya fara iso mu? Ta wayoyin waɗanda abin ya shafa. Kowa ya ɗauki hoton halin da yake ciki ya tura, bai jira wani edita ya auna masa kalmomi ba.

Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da wani ɗan kasuwa ya rubuto maka daga can, ya ambaci unguwa da otal da ranar da aka watso masa kaya waje, a makon da kake jiran tallar wani kamfanin Sin ko gayyatar ziyarar gani da ido, da wasiƙar ta fita yadda ya rubuta? An ga misali a Afirka ta Kudu. A Satumban 2018 Azad Essa ya yi rubutu a kan halin da Musulmin Uighur ke ciki a Xinjiang, a filinsa na jaridun Independent Media, kamfanin da masu zuba jari na Sin ke da kaso a ciki. Ba a daɗe ba aka sanar da shi an rufe filin. Wannan aƙalla a fili aka yi, duniya ta gani ta yi magana. Naka salon ya fi muni, don kana barin fili a buɗe, ka kwashe abin da ke ciki, mai karatu ya zaci ba abin da aka taɓa.

Bari mu bi uzurorinku ɗaya bayan ɗaya.

Kun ce babu wuri. A wannan fitowar da kuka rasa layi shida na dattijo, shafi huɗu cur sun tafi a taya Mai Girma murnar zagayowar ranar haihuwa, da hotonsa iri ɗaya sau huɗu. Na san talla ce ke biyan albashi, ban ce a daina ba. Amma a shafin wasiƙun kansa, don me wasiƙar da ke yaba wa shugaban ƙaramar hukuma a kan kwalbati ɗaya take fita cikakkiya? Sannan yau kowace jarida tana da shafin intanet, inda takarda ba ta ƙarewa. Me ya hana a buga taƙaitacciya a jarida, cikakkiya a can? In wurin ne damuwar, da tuni an yi haka.

Kun ce tsoron shari'ar ɓata suna ne. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta mayar da ɓata suna laifi, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma an sha jan 'yan jarida da sashenta na 24. Ba wanda ya ce ka buga duk zargin da aka aiko maka ido rufe. Amma maganin zargin da ba ka tabbatar ba shi ne bincike. Ka kira marubucin, ka ce ya kawo shaida. Ka tura wakilinka caji ofis ɗin. Ka nemi jin ta bakin wanda ake zargi, ka buga amsarsa a gefe. In zargin ya tabbata, ka samu labarin shafin farko. In ƙarya ne, ka yar da wasiƙar gaba ɗaya, ka huta. Abin da ba shi da gurbi a aikin jarida shi ne ka ƙi bincike don lalaci, ka ƙi bugawa don tsoro, ka ƙi yarwa don kana buƙatar abin cika shafi, sai ka fitar da gawar wasiƙa. Kuma ka faɗa mini, wane lauya ne ya ce maka ambaton sashe na 35 ɓata sunan wani ne?

Kun ce don kare marubucin kuka yi, kada a zo a kama shi. In da gaske ne, hanyar a bayyane take: ka sakaya sunansa, ka bar maganarsa. Ku kuwa akasin haka kuke yi, ku bar sunansa da unguwarsa, ku cire hujjarsa. Wanda ya yi ƙorafi a kansa ya riga ya gane ko wane ne, ga shi kuma an raba shi da abin da zai kare kansa da shi a idon jama'a. Kun tura shi fagen fama, kun riƙe masa garkuwa a ofis. Wanda kuka kare shi ne wanda aka yi kuka da shi, sai kuma kujerarku.

Kun ce ai ba ku ƙara masa ko kalma ɗaya ba, ragewa kawai kuka yi. Wa ya gaya muku sai an ƙara ake yin ƙarya? A Yulin 1870 Bismarck, firaministan Prussia, ya karɓi saƙon waya daga garin Ems a kan ganawar Sarki Wilhelm na Prussia da jakadan Faransa. Ya taƙaita shi yadda kowane ɓangare zai ji an ci masa mutunci, ya miƙa wa jaridu. Ba a yi mako guda ba Faransa ta shelanta yaƙi. Mu ma ba sai mun je Turai ba. Malaman hadisi sun daɗe da yin bahasin halaccin taƙaita hadisi, Ibnus Salah ya yi magana a kai, Ibnu Hajar ma haka. Sun yarda a taƙaita, Imamu Bukhari kansa yakan rarraba hadisi ɗaya a babi dabam-dabam. Amma sun gindaya sharaɗi: mai taƙaitawa ya zama masanin ma'ana, kuma abin da zai bari kada ya zama yana rataye da abin da ya cire, kamar togaciya ko sharaɗi. Malamanmu na zaure in sun ciro maganar wani sukan sa alamar inda ta ƙare, in sun tsallake wani abu su nuna akwai ci gaba. Wannan ita ce amanar naƙali, kuma da yawanku kun zauna a gaban malami kun ji ta. Me ya sa in kun shiga ofis kuke ajiye ta a bakin ƙofa?

Abin ya fi ciwo in aka tuna waɗanda suka riga ku a wannan sana'a. A 1973 an aske wa Minere Amakiri kai, aka yi masa bulala 24 a Fatakwal, a zamanin Gwamna Alfred Diete-Spiff, saboda labarin koken malaman makaranta. A 1984 Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian sun sha ɗaurin shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4. A Nijar, Moussa Kaka ya shafe fiye da shekara a tsare daga 2007 zuwa 2008. Waɗannan da jikinsu suka sayo muku sararin da kuke ciki. Ku kuma kuna sayar da shi a kan shafin talla ɗaya da ambulan ɗin "na mota".

Ku tuna kuma tarihin shafin da kuke wasa da shi. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu suka zama hanyar da mutumin ƙauye zai yi magana a ji shi a birni. Jaridar gwamnati ce, tana da iyakar da ba ta tsallakewa, shi ya sa da 'yan NEPU suka tashi a 1950 da kokensu a kan zaluncin En'e, sai suka riƙa kai zafafan maganganunsu jaridun Zik, irin su Comet da West African Pilot. Darasin bai sauya ba. Magana ba ta mutuwa don edita ya toshe ta, wata ƙofar take nema. Yau ƙofar ita ce Facebook da WhatsApp da TikTok, inda ba mai tantancewa, inda gaskiya da ƙazafi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kullum kuna rubuta sharhi kuna kukan labaran ƙarya sun yi yawa. Wa ya kori mutanen zuwa can? Mutumin da kuka yi wa wasiƙarsa haka sau ɗaya ba zai sake rubuto muku ba, kuma zai gaya wa 'yan majalisarsu dalili. Laifi tudu ne, kun take naku kuna hango na wasu.

A Janairun 1898 Emile Zola ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Faransa a kan zaluncin da aka yi wa Kyaftin Alfred Dreyfus, ya jero sunayen hafsoshin da yake zargi ɗaya bayan ɗaya. Jaridar L'Aurore ba ta ce ta yi tsawo ba, shafin farko ta ba ta. An kai Zola kotu, an same shi da laifin ɓata suna, ya gudu Ingila, amma shari'ar ta sake buɗe maganar, a 1906 aka wanke Dreyfus. Ban ce kowace wasiƙa ta cancanci shafin farko ba. Na ce dai edita na ƙwarai in ya ga wasiƙa mai nauyi, wuri yake nema mata.

Abin da ake nema a gare ku bai kai haka wuya ba. Ku rubuta a saman shafin wasiƙu iyakar kalmomin da kuke karɓa, don marubuci ya taƙaita da kansa, shi ya san inda ciwon yake. In dole sai kun rage, ku fara da gaisuwa da yabo da maimaici, ku bar wa mutum abu huɗu: wa ya yi, yaushe, wace doka aka taka, me yake nema. In ragin zai taɓa ɗaya daga cikin huɗun nan, ku kira shi, ai lambar wayarsa tana ƙasan wasiƙar, ku karanta masa abin da zai fita, ya yarda ko ya janye. Ku sa alama a inda kuka cire, ku rubuta a ƙasa cewa an taƙaita, ku ajiye cikakkiyar a intanet. In kun yi kuskure ya zo yana kuka, ku buga gyara a wurin da ido zai gani. Kada kuma ku sa wa wasiƙar koke taken da zai mayar da ita godiya.

Ku ma masu rubutowa, ku daina sakin jiki. Ku ajiye kwafin abin da kuka aika. Ku sa hujja a layin farko, ku rage gaisuwa, kada ku ba mai almakashi dalili. Ku rubuta ƙarara cewa ba ku yarda a sauya ma'ana ba sai da izininku. In aka buga abin da ba shi kuka faɗa ba, ku nemi gyara a rubuce, in an ƙi ku fitar da asalin kowa ya kwatanta.

Kai kuma edita, in ka duba wasiƙa ka ga ba za ka iya ɗaukar nauyinta ba, don mai gidan jaridar abokin Gwamna ne, ko don kana da 'ya'ya a makaranta kana tsoron rasa aiki, to akwai hanya mai mutunci. Ka mayar wa mutum abinsa, ka ce masa: Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya buga wannan ba. Zai ji haushi, amma zai san inda ya tsaya, ya nemi wata ƙofar tun da sauran lokaci. Tsoro hali ne na ɗan Adam, ana yi wa mai shi uzuri. Sa hannun mutum a kan maganar da ka canja kuwa shaidar zur ce, kuma za a tambaye ka a kanta.